Ƙwallo da Aska: Labarin Bud Fowler, Baƙar Fata na Farko da Ya Ci Abinci da Wasan Besbol

  Daga nan Badariya ta Birnin Kebbi nake magana da ku kamar kullum. Waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin ba, ga shi an buga muku a rubuce.

Yau zan ɗauke ku mu tai Amurka, mu koma baya kusan shekara 150, wurin wani wasa da ba mu yi a nan. Na san wani zai ce, Malam, mi ya haɗa mu da besbol? Ka ɗan yi haƙuri. Mutumin da zan ba ku labarinsa da hannunsa na dama yake cin abinci. Hannun ya gaza shina saurayi, aka kuma rufe masa ƙofa saboda launin fatarsa, duk da haka ya yi fiye da shekara ashirin cikin harkar. Yadda ya yi hakan ya shafi duk yaron da ke fita atisaye da asuba a garin nan.

Bari in fara bayyana wasan a gurguje, don kada in bar kowa a baya. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. A fili akwai tasha huɗu, ta huɗun ita ake kira gida. Mutum ɗaya shina tsaye a tsakiya da ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemun zaƙi. Shi ne majefi. Zai jefa ta da ƙarfi wajen ɗan ɗaya ƙungiyar, wanda ke riƙe da gora. In mai gora ya buga ta, sai ya ruga daga tasha zuwa tasha, in ya kewayo ya dawo gida an ci ɗaya. In ya kuskure ta sau uku, ya fita. In mutum uku suka fita sai a yi musanya, masu gora su koma tsaron fili. Haka za a yi har turmi tara, in ara kalmar 'yan dambe. Kun ga ke nan duk wasan a hannun majefi yake. In hannunsa na da lafiya, ƙungiya na da lafiya.

Sunan mutumin namu na yanka John W. Jackson. An haife shi ranar 16 ga Maris 1858 a wani gari da ake kira Fort Plain, cikin jihar Niyu Yok. Lokacin ba a hana bauta a kudancin Amurka ba, sai a 1865 aka hana, amma su a arewa suke, 'ya'ya ne. Shina ƙarami iyayensa suka koma garin Cooperstown. Ku riƙe sunan wanga gari, za mu dawo kansa. Babansa wanzami ne, irin nasu na can, aski da gyaran gemu, ba ƙaho ba kaciya. Yaron ya tashi ya koyi aska a hannun uba, ya koyi ƙwallo a filin gari. Da ya shiga duniya sai ya koma amsa sunan Fowler. Shi kuwa Bud, an ce laƙabi ne da ya bi shi saboda haka yake kiran kowa, kamar dai mutumin da ke ce wa kowa "abokina" har sunan ya koma kansa.

A zamanin nan ne wasan ya fara zama sana'a. A 1869 ƙungiyar Cincinnati ta fito fili ta ce duk 'yan wasanta albashi take biyansu. A 1876 aka kafa babbar gasar ƙasa. Shi kuma Fowler ya bayyana a 1878, shina da shekara 20. Don ku gane nisan abin, saura shekara 25 ke nan Turawa su ci Sakkwato.

A watan Afrilun shekarar, wata ƙaramar ƙungiya ta garin Chelsea ta kara da ƙungiyar Boston a wasan sada zumunta. Boston ita ke riƙe da kambin ƙasa, majefinta kuma Tommy Bond, wanda ya ci wasa 40 a kakar da ta wuce. Chelsea ta tsayar da wanga yaro baƙi. Aka tashi 2 da 1, Chelsea ta ci. Ku ƙaddara ƙungiyar unguwa ta kira zakarun Najeriya filin Haliru Abdu ta doke su, kuma kowa ya ga yaro ɗaya ne ya yi aikin. Wata guda bayan haka, ranar 17 ga Mayu 1878, ƙungiyar garin Lynn ta sa shi jifa a gasar ƙwararru, suka kara da wata ƙungiya daga Kanada, bai bari sun ci ko ɗaya ba. Wannan rana ita masu tarihin wasan ke lissafawa a matsayin ranar da baƙar fata ya fara buga gasar ƙwararru.

To amma ku ji yadda aikin majefi yake a lokacin. Tsakaninsa da mai gora ƙafa 45 ne, kusan mita 14. Doka ba ta yarda ya ɗaga hannu sama ba, daga ƙasa yake wurgowa, kamar mai jifan kaɗe a kan ruwa. Sai a 1884 aka yarda da jifa ta sama da kafaɗa, a 1893 kuma aka mayar da nisan ƙafa 60 da rabi, inda yake har yau. Galibin 'yan wasa ba su sa safar hannu, da tafin hannu suke tare ƙwallon nan mai tauri, yatsu su karye su warke a karkace. Babban abin kuwa shi ne, ƙungiya majefi ɗaya take dogara da shi. Shi Tommy Bond ɗin nan, a 1878 Boston ta buga wasa 60, shi ya yi jifa a 59. Kun san ƙarshensa? Kafin 1881 hannun ya mutu, shina ɗan shekara 25. Wani mai suna Radbourn ya ci wasa kusan 60 shi kaɗai a 1884, ana ba da labarin cewa wata safiyar ko kansa ba ya iya ɗaga hannu ya taje. Yau majefi sai ya huta kwana huɗu tsakanin wasa da wasa, ana kuma ƙirga masa jifa, in ya doshi ɗari a fitar da shi. A wancan zamani ba mai ƙirgawa. In hannu ya ƙare a nemo wani yaron.

Fowler bai tsira daga wannan ba. A 1884 ya tafi garin Stillwater a jihar Minnesota. Ƙungiyar ta buɗe kaka da shan kashi fiye da goma a jere, sai da aka miƙa masa ƙwallo sannan aka fara ganin nasara. Da suka ga haka sai suka ɗora masa kayan duka, har hannun ya fara ciwo. Shekarunsa 26. Abin da aka san shi da shi, abin da ake biyansa dominsa, shi ne ke suɓucewa.

A nan ne ya yi dabara ta farko. Bai tsaya jayayya da hannu ba. Ya koma tsaron tasha ta biyu, wurin da ke son ido da saurin ƙafa fiye da ƙarfin jifa, ya kuma mayar da hankali kan gora. Da ma tun farko ba wurin da bai taɓa tsayawa ba a fili, har bayan mai gora ya tsuguna ya yi cafe. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Cikin shekara biyu ya zama ɗaya daga cikin gwanayen tasha ta biyu a ƙasar. A 1885 wata jaridar wasanni mai suna Sporting Life ta rubuta cewa shina cikin mafi iyawa a ƙasar, kuma da fuskarsa fara ce da tuni shina cikin manyan ƙungiyoyi. Jaridar farare ce ta faɗi haka da bakinta.

Wannan ya kawo mu matsala ta biyu, wadda ta fi ta hannu nauyi. Tun a 1881 wata ƙungiya a garin Guelph na Kanada ta ɗauke shi, da ya iso abokan wasan suka ga baƙi ne suka ce ba su buga da shi, aka sallame shi. Daga nan rayuwarsa ta zama ta ɗan ci-rani. 1885 shina Keokuk a Iowa, ƙungiyar ta ruguje ya wuce Pueblo a Colorado. 1886 shina Topeka a Kansas. Duk inda ya je 'yan kallo na son shi, masu ƙungiya na son kuɗin ƙofa da yake jawowa, amma da wuya ya kai shekara biyu a wuri ɗaya.

A cikin fili ma ba a ƙyale shi ba. Takalman 'yan wasa na da ƙusoshin ƙarfe a ƙasa, mai gudu kuma in ya doshi tasha zamewa yake yi da ƙafa a gaba. Farare suka mayar da wannan makami, su nufo ƙwaurinsa da gangan. Ana ruwaito cewa shi da wani baƙin ɗan wasa, Frank Grant, har ɓallin katako suke ɗaurawa a ƙwauri kafin su shiga fili. Majefan ɗaya ɓangaren kuma su bar gora su nufi haƙarƙarinsa.

Shekarar 1887 ita ce ƙololuwa, ita ce kuma faɗuwa. Ƙungiyar Binghamton ta ɗauke shi, a gasar da ke bin babbar gasar ƙasa a daraja. A wasan besbol, wanda ke samun bugu mai kyau sau 30 cikin tsayuwa 100 gwani ne. Fowler shina samun 35. Duk da haka wasu abokan wasansa farare suka haɗa kai suka rubuta wa shugabanni takarda, suka ce ko shi ko su. Ƙarshen watan Yuni aka sallame shi. Mako biyu bayan nan, ranar 14 ga Yuli 1887, shugabannin gasar suka zauna suka jefa ƙuri'a, 6 da 4, cewa daga yau ba a sake ƙulla yarjejeniya da ɗan wasa baƙi. A wannan ranar dai, Cap Anson, jagoran ƙungiyar Shikago kuma tauraron zamanin, aka ce ya ƙi shiga fili in har majefin Newark, baƙi mai suna George Stovey, zai yi jifa. Sannu a hankali sauran gasanni suka bi sahu. Ƙofar babbar gasa ba ta buɗe wa baƙi ba sai ranar 15 ga Afrilu 1947, da Jackie Robinson ya buga wa Brooklyn. Shekara 60 ke nan daga waccan ƙuri'a.

To yanzu ku tambaye ni, mutumin da ake kora yau a nan gobe a can, albashi ba tabbas, ƙungiyoyi na rugujewa tsakiyar kaka ba su biya ba, da mi yake ci? Da aska. Garin da ya sauka, in ba wasa, ya nemi shagon aski ya kama aiki. Lokacin sanyi, da ƙanƙara ke rufe filaye wata da watanni, aski yake yi. Sana'ar da uba ya koya masa shina yaro, wadda ba ta da 'yan kallo, ita ta riƙe shi tsakanin kora da kora. Ina ganin ita ce ma ta ba shi damar ci gaba da wasan. Mutumin da bai da abin komawa, kora ɗaya ta isa ta fitar da shi daga harka har abada, don dole ya nemi abin sa wa a baki. Shi kuwa zai iya zama wata uku shina jiran wata ƙungiyar ta kira. Haka ya bi ta Indiana, New Mexico, Michigan, Illinois, Nebraska. Shi da kansa ya ce ya buga wasa a jiha 22 da Kanada. Ya tara kaka goma a gasannin farare, babu baƙin da ya kai wannan sai bayan zuwan Jackie Robinson.

Dabara ta uku ita ta fi burge ni. Da ya ga ƙofofin na ƙarewa, sai ya daina ƙwanƙwasawa ya gina nasa ɗakin. A 1894, shi da wani matashi gwanin gora, Grant Johnson, suka shirya kafa ƙungiyar baƙaƙe zalla. Suka samu wani kamfanin wayar shinge a garin Adrian na jihar Michigan ya ɗauki nauyi, aka sa mata suna Page Fence Giants, ta fara wasa a 1895. Tunda gidajen baƙi da gidajen abinci ba su karɓar baƙar fata, sai aka yi musu taragon jirgin ƙasa nasu na kansu, da gadaje da mai dafa abinci. In sun sauka a gari sai su hau kekuna cikin kayan wasa su kewaya tituna, jama'a su biyo su fili, kamar yadda makaɗa ke kewaya gari da kalangu ranar da za a yi dambe. A shekarar farko sun ci wasa 118. Fowler bai daɗe da su ba, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, amma ya ci gaba da kafa wasu ƙungiyoyin, shina kuma ta fafutukar a yi wa baƙaƙe gasa tasu. Wannan buri bai tsaya da ƙafarsa ba sai a 1920, a hannun Rube Foster, shekara bakwai bayan rasuwarsa.

Kada in yi muku ado, bai mutu da dukiya ba. Ciwo ya kama shi, ya koma gidan 'yar'uwarsa a garin Frankfort na jihar Niyu Yok, ya rasu ranar 26 ga Fabrairu 1913, shina da shekara 54. Kabarinsa ko alama babu sai a 1987, da masu binciken tarihin wasan suka sa masa dutse. Kun tuna Cooperstown, garin da ya tashi? A nan Amurkawa suka buɗe gidan karrama gwanayen besbol a 1939, cikin garin da ya koyi wasan, ba sunansa a ciki. Sai a watan Yulin 2022 aka shigar da shi, shekara 109 bayan ya bar duniya.

To mu dawo gida. Abin da Fowler ya yi, kakanninmu sun san shi tun tuni. Ku dubi dambe. Wasan rundawa ne tun asali. Mutum da safe shina mahauta, da yamma ya naɗe zare ya shiga fage, bayan kaka ya bi garuruwa. Ranar da hannun nan ya gaji, ko aka buge shi bugun da ba ya sake tashi kamar da, wuƙarsa na nan tana jiransa. 'Yan kokawa manoma ne, da damina ba ka ganinsu a fili. Sarkawan da ke faɗawa Matan Fada da homa da gora ranar bikin Argungu, kwana nawa ne bikin? Sauran shekara su ne a kogi, su ne a fadamar shinkafa. Ba a taɓa ɗora wa wasa nauyin ciyar da mutum shi kaɗai ba.

Abin da ya zo sabo shi ne yaron da bai da komai sai takalmin ƙwallo. Shekara 17, ya bar makaranta, ya bar shagon ubangidansa na walda ko ɗinki, don shina jiran ranar da za a kai shi Turai. Kana yi masa magana zai ce maka, ai ga Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya kai Porto ta ƙasar Fotugal, ya buga wa Najeriya. Gaskiya ne, kuma abin alfaharinmu ne. Amma ku tuna shi ma a 2024 rauni a gwiwa ya zaunar da shi watanni, kuma shi shina da likitoci da albashi na tafiya. Kai da ke bugawa a filin unguwa mai tsakuwa, in jijiyar gwiwarka ta tsinke yau da yamma, wa zai biya kuɗin aiki? Yara nawa suka fara tare da shi waɗanda ba mu san sunansu ba?

Kada wani ya ce na ce a bar ƙwallo. Ku buga, ku yi atisaye, Allah Ya kai ku inda kuke buri. Kuma ban ce abin da ke tare yaranmu daidai yake da wariyar da aka yi wa Fowler ba. Amma ƙofa na iya rufuwa ba da laifinka ba: an fi son yaron wani, ko dillali ya karɓe kuɗin gonar babanka ya ɓace, ko ƙungiya ta daina biya. Fowler shina cikin mafi iyawa a ƙasarsa aka kore shi. Iyawa ba ta hana kora. Kuma lokacin koyon sana'a shi ne yanzu da ƙafa ke da lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Atisaye da asuba, shago da hantsi, ba abin da ɗaya ya rage wa ɗaya.

Ku kuma masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa, da iyayen gidan 'yan dambe, ku tuna Tommy Bond da wasa 59 cikin 60. In kana da yaro ɗaya gwani, kada ka sa shi wasa uku cikin mako don kofin gasar hutu. In ya ce gwiwa na ciwo, kada a yi masa allurar kashe zafi a tura shi fili, kada a bar shi ya haɗiyi ƙwaya don ya daure. Amana ce iyayensa suka ba ka. Ka kuma tambaye shi, bayan ƙwallo mi kake koyo? In ya ce babu, ka kama hannunsa ka kai shi wurin mai sana'a, ka sa hakan cikin sharaɗin zama ƙungiyarka.

Iyaye, ku ma da magana gare ku. Da baban Fowler ya tsaya kan ko aska ko ƙwallo, da ɗaya daga ciki ta salwanta. Yaron ya tashi da duka biyu. In ɗanka na da baiwar wasa, kada ka ƙone takalminsa, ka yi yarjejeniya da shi: fili da sharaɗin makaranta, ko fili da sharaɗin shago.

A nan zan dakata. Ina son jin ta bakinku a ƙarƙashin wanga rubutu, musamman dattawan da suka yi dambe ko kokawa ko ƙwallo a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Kamba da sauran wurare: da aka daina tafa muku, wace sana'a ce ta riƙe ku? Ku faɗa, yara na karantawa. Wanda ya san yaron da wagga magana ta shafa, ya tura masa.

Allah Ya ba mu lafiya da abin yi, Ya sa albarka a hannuwanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.